Kashe Inji a Ƙofar Baffa

Ran nan na je gida Wudil, ina zaune a ƙofar shagon wana, sai ga wani saurayi a kan mashin sabo fil, irin wanda ake danna masa maɓalli ya tashi. Ya tsaya gaban wani dattijo mai furfura, ƙafa ɗaya a ƙasa, inji na aiki, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, ina wuni," ya murɗa ya yi gaba. Dattijon ya amsa wa iska, ya ci gaba da jan carbinsa, ko a jikinsa. Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Ba wai na fi yaron tarbiyya ba ne, ni ma yanzu a birni gaisuwata duk a waya take, in tura murya in wuce. Kawai dai na tuna a gidanmu saura ƙiris a rasa aure saboda irin wannan gaisuwar, kuma ni ne nake riƙe da kan babur ɗin.

Babur ɗin Baba ya girme ni, ina jin ma ya girmi wana. Baƙi ne, ko in ce a da baƙi ne, don rana ta cinye fentin tankin har ya koma ruwan toka. Sit ɗinsa Inna ce ta ɗinka masa riga da tsohuwar darduma. Ba shi da maɓalli, sai kik, wannan ƙarfen da ake takawa da ƙafa a tayar da inji. Aikina ne tun ina ƙarami in fito da shi daga zaure bayan asuba, in goge shi da tsumma, in ɗauki kwalba in sayo fetur a bakin titi. A unguwarmu ta Sabon Gari a lokacin babura ba su da yawa, kowanne da muryarsa, mata a cikin gida suna iya gaya maka mijin wa ya dawo ba tare da sun leƙo ba. Namu yana da wata 'yar ƙara a ƙarƙashin rugugin injin, ƙas-ƙas-ƙas, kamar agogon bango. Da ita Inna take sanin lokacin zuba ruwan wanka. Daga baya ƙarar nan ta ɓace, babur ya koma tafiya sumul, ba wanda ya tambayi dalili. Yanzu kuwa je ka tsaya a bakin gada ranar kasuwa, mashina kamar fari, duk murya ɗaya, ko uwar da ta haifi mai shi ba za ta gane na ɗanta ba.

Da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, gwiwar Baba ta matsa masa, taka kik ya gagare shi. Sai na zama direbansa. Ni a gaba, shi a baya, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, yana ba ni umarni a kunne kamar ban san hanya ba. A lokacin ne na san halin babur ɗin ciki da bai. Da safe bugu ɗaya ya ishe shi. Amma in ya yi tafiya ya ɗau zafi, ka kuskura ka kashe shi, to ka nemi inuwa. Ka buga har gumi ya jiƙa maka riga, sai dai ya yi maka tari ya yi shiru. Sai ya huce don kansa, sannan ya tashi kamar ba shi ba. Kai ko da zafin ma, in ka tsaya ba ka kashe ba, sai kana murɗa masa mai, in ba haka ba ya mutu a hannunka.

To ga inda gizo yake saƙa. A wajenmu ba a gaida babba a kan abin hawa. Kashewa ake yi, a sauko, a kafe babur, a cire takalmi, a durƙusa. Kuma gaisuwar ba ta yanzu ba ce. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, iyali, yara, ruwa, shuka, mai jiki, a koma kan gajiya a sake zagayowa. Gonarmu ta gado tana Dagumawa, hanyarta kuma ta ƙofar gidan Baffa ta bi. Baffa wan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa har Baba ya yi furfura Baffa bai daina kiransa Auta ba. Kullum yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa a kan tabarma, yana tufkar igiya da rama, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafarsa.

Wata rana muka tsaya, na kashe, muka sauka kamar yadda aka saba. Aka gama gaisuwa, Baba bai tashi ba, ya gyara zama. Baffa ya ji daɗi, don Baba mutum ne mai sauri, bai cika zama ba. Ya leƙa cikin gida ya ce a dama fura. Hira ta yi nisa, har suka kai kan wani jakin mahaifinsu da ya taɓa kayar da su a rafi, Baffa yana dariya har da share hawaye. Ana cikin haka Baba ya sunkuyo ya yi min raɗa. Matsalar ita ce raɗar Baba ana jin ta daga tsallaken titi.

"Je ka taɓa ka ji ko ya huce."

Na je na ɗora hannu a kan injin, na ɗaga murya na ce, "Ya huce, Baba."

Nan take Baba ya miƙe, ga fura ko rabi bai sha ba. Dariyar Baffa ta ɗauke. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi babur, ya ce, "Au. Ashe jiran ƙarfe ake yi. Ni na ɗauka wajena aka zo."

Baba ya yi ta rantse-rantse, Baffa ya koma kan igiyarsa. Daga ranar, don gudun a sake cewa jiran ƙarfe yake, kuma ga aikin damina ba ya jira, Baba ya yanke shawarar da ta fi ta farko muni. Ya ce in mun zo kada in kashe. Sai mu tsaya, shi yana gaisuwa daga kan sit, ni ina murɗa mai don kada injin ya mutu. Baffa ya ce "ina gajiya," ni in ce vuum. Baffa ya ce "ya yara," ni in ce vuum. Baba ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, in an kashe shi ba ya tashi!"

Baffa ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin jakin da aka ɗaure ya manta tafiya ba. Ku je, ranka ya daɗe. Auta ya zama gwamna, da jiniya yake gaisuwa."

Bai yarda ba ko kaɗan. Shi a ganinsa ƙanensa ya samu shago a gari ya fi ƙarfin tabarma. Da muka sake biyowa, mun tarar ya juya wa hanya baya. Daga nan muka koma zagayawa ta bayan gari. Wa da ƙane, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, aka daina ganin juna.

Ana cikin wannan ne maganar auren wana ta taso. Ya daɗe yana neman wata yarinya, ita ma tana son sa, iyayenta suka ce ya turo magabatansa. Kowa ya san uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, balle ɗan fari, wanda Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "yaron nan." Baffa ne mai zuwa, shi zai yi magana, shi zai karɓi auren. In ba shi, mutanen za su tambayi ina wan uban, kuma duk amsar da aka ba su ba mai daɗi ba ce. Aka aika wa Baffa. Ɗan aiken ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce Baffa ya ce a gaya wa Auta ya tura babur ɗin, ai ya fi shi daraja. Wana ya daina cin abinci sosai. Ga wani mai mota ya fara zarya a layin su yarinyar, iyayenta kuma sun ce ba za su yi ta jira ba.

Inna ta ce, "Malam, ka hau motar haya mana ka je ka ba shi haƙuri. An ce zumunci a ƙafa yake."

Baba ya ce, "In na je ba babur, zai ce na ɓoye mai laifi a gida. A kansa aka ɓata, a kansa zan je. Amma ba zan kuma zuwa ƙofar Yaya da abin da zai kunyata ni ba." Ya juyo ya dube ni. "Kai ne direba. Ka san yadda za ka yi da shi."

Ba wai ba mu taɓa kai shi gyara ba. Akwai bakaniken da Baba yake kai wa tun fil azal, kowa Injiniya yake ce masa, rumfarsa na kusa da masu suyar kifi, in kana jiran gyara ƙamshi ya yi ta ja maka rai. Ya canza fulogi, ya wanke kafireto, wato inda mai da iska suke haɗuwa, ya sake wankewa. Kullum in ya gama sai ya taka sau ɗaya, babur ya tashi, ya ce, "Ɗan Malam, wannan mashin lafiyarsa ta fi tawa." Ina kwance ina juya abin a raina sai na gano inda muke kuskure. In na kai shi, sai na kafe a inuwa, na gaida Injiniya, na gaida mai faci na kusa da shi, na jira ya gama da mashin ɗin da ke gabansa, wani lokaci ma a yi salla. Kafin ya taɓa namu ya huce sarai. Mara lafiya muke kai masa bayan zazzaɓin ya sauka.

Washegari da rana tsaka na hau, na ƙetare gada, na yi nisa, na juyo a guje. Na shigo rumfar har gaban ƙafarsa na kashe.

"Injiniya, gaisuwa sai anjima. Taka!"

"Kai, ba sallama? Gidanku ba manya ne?"

"Akwai su, su suka aiko ni. Don Allah taka kafin ya huce."

Ya ajiye sifana yana harara ta, ya taka. Shiru. Ya sake. Ya tuɓe hula ya sake. Mai faci ya taso yana dariya, ya ce, "Injiniya, ko in kira maka bakanike?" Injiniya ya ce masa ya je ya ji da iskarsa. Amma na ga fuskarsa ta canza, irin ta mafarauci da ya ga sawu. Ya ce, "Yau ka kawo min shi da ciwonsa. To saurara. Inji abu uku yake ci: wuta, mai, da numfashi. In ya ƙi tashi, ɗaya aka hana shi. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kada mu yi ta canje-canje kamar masu canki-canka."

Ya kama fulogi da tsumma ya kwance, yana yarfe yatsu don zafi. Ya duba bakinsa, bai jiƙe da mai ba, bai yi baƙi ba. Ya tambaye ni ko ina ja masa cok, abin nan da ke ƙara wa inji mai, in ya ƙi tashi. Na ce wani lokaci, in raina ya ɓaci. Ya ce in daina, cok na sanyin safiya ne, ja wa inji mai zafi kamar lulluɓa wa mai gumi bargo ne. Ya jingina fulogin a jikin injin ya ce in taka. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, ƙyas-ƙyas. Ya ce da ta fito ja-ja ko ta ƙi fitowa, da koyil mai ba fulogi wuta zai zarga, don shi ma yakan gaji in ya ji zafi, amma wannan wutar ba ta da laifi. Ya buɗe murfin tanki ya kasa kunne ko zai ji ya ja iska, alamar 'yar hudar murfin ta toshe. Bai ji komai ba. Ya zare tiyo, mai ya zubo shar. Kafin mu gama wannan, babur ya huce, ya tashi abinsa. Injiniya ya ce, "Koma ka ƙona shi." Na koma na ƙetare gada.

A dawowa ta biyu ne, ina takawa ina haki, na ce, "Ni fa abin da na lura, da safe kik ɗin nan yana da tauri, in ban yi hankali ba sai ya dawo ya doke ni a ƙauri. Amma in ya yi zafi sai in ji kamar katifa nake takawa."

Injiniya ya tsaya cak. Ya ture ni ya taka da kansa, a hankali, yana ji da ƙafarsa. Sai ya dafe kai ya ce, "Numfashi ne. Ɗan Malam, tun yaushe mashin ɗin nan ya daina ƙas-ƙas?"

Na ce an daɗe.

Ya ce, "Ni na kashe ta da hannuna. Babanka ne ya zo ya ce ƙarar tana ba shi kunya a ƙofar masallaci, wai kamar mai tallan gwangwani. Na ɗaure masa tafet tam."

Ya yi min bayani a tsaye. A cikin kan injin akwai bawul, wasu 'yan ƙofofi da suke buɗewa su rufe, mai ya shiga hayaƙi ya fita. Tafet shi yake tura su, kuma dole a bar 'yar tazara a tsakani, ita ce take wannan ƙarar. Ƙarfe in ya ji zafi ƙaruwa yake. In ba tazara, sai ƙofar ta kasa rufuwa ruf, kamar ƙofar katako da ta kumbura da damina. Numfashin injin ya yi ta zurarewa, kai kuma kana ta taka banza. In ya huce, ƙarfe ya koma, ƙofa ta rufu.

Ya ce ba a saita shi da zafi, in bar shi ya kwana. Da sassafe na dawo, ya buɗe 'yan murafan, ya ciro reza daga aljihu, ya zura a tsakani, yana sassautawa yana ja, har rezar ta riƙa wucewa da 'yar gardama. Ya ɗaure ya rufe. Na taka. Ƙas-ƙas-ƙas. Na fita na ƙona shi, na dawo na kashe, na taka, ya tashi. Na sake, ya tashi. Mai faci ya ce yanzu sai a biya shi kuɗin kallo.

Rumfar nan yanzu babu ita, shagon kayan waya ne a wurin. Masu gyaran yanzu ba na raina su, suna da sauri, amma yawanci cirewa suke su sa sabo, ba mai lokacin tambayarka me ƙafarka ta ji. Ni dai abin da na koya a wurin bai taɓa ba ni kunya ba. Har gobe in abokina ya kira ni ya ce tsohon mashin ɗinsa ba ya tashi da zafi, ba na ce masa ya sayi komai. Cewa nake ya kai shi da zafinsa, a duba wuta, a duba mai, sannan ya gaya min yadda kik yake a ƙafarsa.

Da na shiga gida Baba ya fito zaure ya ce, "Wannan ƙarar fa? Ba na sa an kashe ta ba?"

Na ce, "Ita ce lafiyar, Baba."

Inna daga tsakar gida ta ce, "A bar shi ya yi ta yi. Gara mai surutu da mai gaba."

Baba ya juya. Ya shiga ya sako babbar riga.

Bayan azahar muka kama hanyar Dagumawa, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Tun daga nesa na kashe, Baba ya sauka, na tura babur ɗin har gindin darbejiya. Baba ya cire takalmi ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, na ji ta yi ƙara. Ya yi gaisuwa cikakkiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Baffa yana amsawa da "lafiya," "lafiya," idonsa a kan igiya.

Baba ya ce, "Yaya, maganar yaron nan ce."

"Na ji."

Shi ke nan. Ba a ce a'a ba, ba a ce to ba, ba a ce a zauna ba. Kaji suna ta tono a gefe. Can sai Baba ya miƙe da ƙyar ya ce, "To Yaya, bari mu koma." Ya yi min alama da hannu.

Injin yana nan da zafinsa, ina jin hucinsa a ƙafata. Ni kuwa abin da nake jira ke nan, in nuna aikina. Na hau, na taka sau ɗaya, babur ya tashi tsaf.

Baffa ya ɗago kai. Karo na farko ke nan da ya dube mu tun zuwanmu. Ya ce, "Ashe yana tashi."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Duk rantsuwar da Baba ya sha yi cewa in an kashe ba ya tashi, ga ni na ƙaryata shi a gaban wansa da ƙafata. Na ga auren wana yana tafiya. Na buɗe baki zan fara bayanin bawul da reza, Baba ya ɗaga min hannu. Ya tako ya murɗa makullin da kansa, injin ya mutu. Ya koma kan tabarmar da ba a yi masa tayi ba, ya zauna sosai, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Yana tashi, Yaya. Yau da safe aka gyara shi. A da in na zauna, shi ya zaunar da ni, in na wuce, shi ya wuce da ni, duka biyun kuma ka fi ni gaskiya. Yau ba ni da abin fakewa. In na so tafiya, ga shi nan, bugu ɗaya ne. Ba na so."

Baffa ya mayar da idonsa kan igiya. Ya ci gaba da tufka, ya kai ƙarshen zaren ramar, ya ƙulla, ya zare igiyar daga yatsansa ya naɗe ta a hankali. Ni ina tsaye riƙe da kan babur. Can ya miƙo min hannu ya ce, "Kai direban gwamna, kawo makullin nan."

Na zare na kai masa da hannu biyu. Ya jefa a aljihun rigarsa, ya dafa aljihun. Ya juya ya ƙwala kira cikin gida ya ce a ƙara hannu a tuwon dare, akwai baƙi. Sannan ya matsa ya ba Baba gefen da inuwa ta fi.

Ya ce, "To, Auta. Yarinyar 'yar gidan wa ce? Kuma kada ka faro min daga tsakiya yadda ka saba. Faro daga kakanta."